Fitilar Mota Da Haƙƙin Idon Mai Tahowa

Duk wanda ya saba tafiyar dare a manyan hanyoyin ƙasar nan ya san cewa dare ya sake kama. A da, in mota ta doso, hasken da ke gabanta ruwan ɗorawa ne, mai taushi, ana iya jure shi har a wuce juna. Yanzu kuwa fari ne fat, wani ma har da shuɗi-shuɗi, yana sukar ido kamar wutar mai walda. Waɗannan su ne fitilun da ake kira LED. A tashoshin mota, daga Ikko har Maiduguri, kukan direbobi ɗaya ne, watau motoci sun ƙara haske amma mutane sun rage gani. Wanda bai san kan al'amarin ba sai ya ɗora wa LED laifin duka. Alhali kuwa samar da haske shi ne mafi sauƙi cikin aikin mai ƙera fitilar mota. Babban aikin, wanda ya ci wa masana shekara ɗari, shi ne sanya wa hasken iyaka.

Akwai wani tsohon direba da ya gane haka bayan ya yi furfura a kan sitiyari. Ya fara yaron mota ne a shekarar 1972, shekarar da ƙasar nan ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Bayan da aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ya sami 504 doguwa, ya yi shekaru yana jigilar dare daga Kaduna zuwa Ikko, ta Tegina da Makwa da Jabba da Ilori da Badun. A zamanin nan, in ji shi, rage wa mai tahowa wuta daidai yake da sallama. Tun daga nesa ɗaya zai sauke fitilarsa zuwa dim, ɗayan ya amsa masa, su wuce juna ba su san juna ba, amma kowa ya ba ɗan'uwansa haƙƙinsa. Wanda ya ƙi saukewa kuwa, ana ɗaukarsa marar tarbiyya, kamar wanda ya faɗo gidan mutane ba sallama.

Da girma ya zo, sai ya koma ƙaramar mota, yana lodi tsakanin Jos da Bauci. Idonsa ya soma gazawa da dare, kamar yadda idon kowa kan yi in shekaru sun ja. Yana da ɗan ƙanwa mai gyaran wutar mota, yaro mai hazaƙa da son kawunsa. Shi ne ya cire masa ƙwayayen fitila na asali, ya sa masa na LED waɗanda aka rubuta wa adadi mai ban tsoro a jikin kwali, ya ce, "Kawu, daga yau dare ya zama rana." Da suka kunna a gareji, lalle wuri ya haskaka har ana iya tsintar allura. Amma a daren farko da ya hau hanya, duk motar da ta doso sai ta yi ta ƙyafta masa fitila, alhali yana kan dim. Wani mai tirela da ya gaji da ƙyaftawa ya sakar masa wutarsa duka, har tsohon ya yi 'yan daƙiƙoƙi yana tuƙi bisa ƙiyasi, ga fasinja cike da mota. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ramukan da ya saba hangowa daga nesa, yanzu sai ya zo dab da su yake ganinsu.

Domin a fahimci abin da ya same shi, sai an koma ga yadda fitila take aiki. Ƙwan fitila shi kaɗai ba ya haska hanya, domin haskensa watsuwa yake yi ko'ina, sama da ƙasa da baya. Abin da ke tattara shi ya tura gaba shi ne madubin nan mai siffar kwano da ke bayan ƙwan. Kwanon yana da wata cibiya guda a cikin sararinsa. Duk hasken da ya tashi daga cibiyar nan ya bugi jikin kwanon, to, miƙe zai fita, kamar an jera sanduna. Wanda ya tashi daga gefen cibiyar kuwa, karkacewa zai yi. Wannan ilmi tsoho ne ƙwarai, domin Ibn al-Haisam, masanin nan na Basra da ya zauna a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya yi rubutu a kan madubi mai irin wannan siffa da yadda yake tara hasken rana a wuri guda. Fitilar mota juya wannan hikima ta yi: maimakon a tara haske a cibiya, sai a kunna shi a cibiya a aika da shi nesa.

A cikin ƙwai na da, abin da ke ba da haske wata 'yar nannaɗaɗɗiyar waya ce, a kira ta lagwani, wadda tsawonta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Kowane taƙi na jikin kwanon, da kowane tudu da kwari na gilashin gaba, an auna shi ne bisa girman lagwanin nan da mazauninsa. In ya goce da milimita ɗaya ko biyu, lissafin duka ya rushe.

To, amma tura haske nesa rabin aiki ne, domin fitila bayi biyu take yi wa hidima a lokaci guda: direban da ke bayanta yana son ya ga nesa, wanda ke tahowa kuma yana son a bar masa idonsa. A 1924 aka fito da ƙwai mai lagwani biyu a Jamus, ɗaya na ful, ɗaya na dim. A 1957 ƙasashen Turai suka ƙara wata dabara, suka raba hasken dim gida biyu. A ɓangaren da motoci ke tahowa, hasken yana yankewa a kan miƙaƙƙen layi, ƙasa da idon direba. A ɓangaren bakin hanya kuwa, layin yana ɗagawa sama da digiri 15, domin a hango mai tafiya a ƙasa da mai keke da dabba da allon hanya. Wanda ya taɓa riƙe ƙwan H4, wanda ya fito a 1971, zai tuna da wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali a ƙarƙashin lagwanin dim. Aikinsa shi ne ya hana haske sauka a rabin kwano na ƙasa, domin rabin ƙasa shi ke jefa haske sama. An kuma ɗan zaftare gefe ɗaya na cokalin, daga nan ne ɗagawar nan ta bakin hanya take samuwa. Ɗan ƙarfen nan da bai kai farce ba, shi ne kunyar fitila.

Ba a bar wannan ga son ran masu ƙira ba. A ƙa'idar Turai, wadda ƙasashe da yawa suke bi, ana kafa sabuwar fitila a ɗaki mai duhu, a auna haskenta daga nisan mita 25, ɗigo bayan ɗigo. Akwai ɗigon da ke wakiltar bakin hanya a nisan mita 75, inda tilas haske ya kai wani adadi. Akwai kuma ɗigon da ke wakiltar idon direban da ke tahowa a nisan mita 50, inda tilas kada ya wuce wani ɗan ƙaramin adadi. Tsakanin ɗigon da ake neman haske da wanda ake neman duhu, tazarar 'yar kaɗan ce. Duk gwanintar mai ƙera fitila a cikin tazarar nan take.

Sa'an nan LED ya shigo. Shi ba shi da lagwani. Ɗan falle ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa kamar milimita ɗaya, wanda ke ba da haske in lantarki ya ratsa shi. Asalin haskensa shuɗi ne, abin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, mutanen Japan, suka sha wahalar samarwa, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Ana shafa masa wani sinadari a fuska wanda ke mayar da sashen shuɗin ya zama ruwan ɗorawa, gaurayen biyun ya ba da fari. Daga nan ne shuɗi-shuɗin da ake gani a hanya ya samo asali. Amfaninsa a fili yake: ba ya cin wuta da yawa, yana daɗewa, yana kamawa nan take. Amma halinsa daban ne da na lagwani ta fuska biyu. Ta farko, lagwani yana haskawa kewaye da shi duka, LED kuwa ta fuska ɗaya kaɗai yake haskawa, kamar taga. Ta biyu, lagwani yana fitar da zafinsa gaba tare da haske, LED kuwa a bayansa zafin yake taruwa, in kuma ba a janye shi ba, hasken ya dushe, ƙwan ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Shi ya sa ake manna masa ƙarfen alminiyam mai haƙarƙari, wani lokaci har da 'yar fanka.

Saboda haka masu ƙera motoci ba su ɗauki LED suka cusa cikin tsohon kwano ba. Sabon gida suka gina masa tun daga tushe. Mota ta farko da ta fito da dim na LED daga kamfani ita ce Lexus LS 600h a 2007, sa'an nan Audi R8 ta biyo a 2008 da fitilar gaba wadda kome nata LED ne. Hanyoyin da ake bi uku ne.

Hanya ta farko ita ce ta madubi mai fuskoki da yawa. Ana kafa LED yana kallon sama ko ƙasa, ba ya kallon hanya, a sa masa rabin kwano wanda aka yanyanka ƙananan fuskoki. Kowace fuska tana ɗaukar hoton ɗan fallen nan mai haske ta ajiye shi a wani keɓaɓɓen wuri a kan hanya, wannan a nesa, wancan a gefe, kamar yadda magini ke jera tubali, har su haɗu su ba da shimfiɗar haske mai miƙaƙƙen baki. Kafin a zuba roba ko ɗaya, kwamfuta takan bi sawun miliyoyin zaren haske ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda kowanne zai sauka.

Hanya ta biyu ita ce ta gilashin nan mai tudu kamar idon sa, wanda ake gani a motocin zamani. A nan kwanon yana da siffar ƙwan kaza, cibiyarsa biyu. LED yana zaune a ta farko, haskensa yana taruwa a ta biyu, a nan kuma aka kafa wata 'yar garkuwa ta ƙarfe wadda aka yanka bakinta daidai da siffar layin iyaka. Gilashin yana ɗaukar hoton bakin garkuwar ya kifar da shi ya jefa a kan hanya, saboda haka abin da aka tare a ƙasa cikin fitila, shi ne duhun da ke sama a waje. In direba ya nemi ful, a wasu fitilun sai garkuwar ta kwanta, haske ya wuce duka. Wannan hanya tana ba da layi mai kaifi kamar an ja da reza. Kaifin nan kuwa yana da tasa illar, domin in mota ta hau tudu ko ta daka rami, layin yakan tsallake idon mai tahowa, ya fita daga duhu ya faɗa tsakiyar haske a ƙiftawa ɗaya. Ga shi kuma gilashi yana karya shuɗi fiye da sauran launuka, shi ya sa bakin layin kan yi walƙiya shuɗiya.

Kafin a zo ga hanya ta uku, sai a dubi abin da ya faru a motar tsohon direba. Ƙwan da aka sa masa sanda ne mai falle biyu na LED, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da kaurin ƙarfe a tsakaninsu. A daidai cibiyar kwano, inda lagwani ya kamata ya zauna, ƙarfe ne marar haske. Hasken yana tashi ne daga gefe da gefe, daga wuri mafi faɗi fiye da lagwani. Kwanon kuwa ba ya tambaya, abin da aka ba shi yake mayarwa. Sai ya watsa wani sashe sama cikin idon mutane, ya zubar da wani a gindin mota, tsakiyar hanya mai nisa kuma ta sami ragowa. Da gaban mota ya yi fari ƙal, sai 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ta tsuke, abin da ke nesa cikin duhu ya ƙara ɓacewa. Direba yana jin kamar ya sami haske, alhali ganinsa ne ya gajarta. Wannan ne dalilin da ya sa a Jamus sai a 2020 aka fara halatta irin ƙwan nan, shi ma iri ɗaya tak, a kan motocin da aka gwada shi a fitilarsu aka lissafa sunayensu. A Ingila kuwa, a 2021 aka sa doka cewa yawancin motocin da aka sa wa ƙwan LED cikin fitilar da ba tasa ba, ba za su ci gwajin lafiyar mota na shekara-shekara ba.

Tsohon bai san lissafin cibiya ba, amma ya san bango. Da magariba ta yi ya kira ɗan ƙanwarsa, suka sami fili mai laushin ƙasa, suka tsayar da motar mita 10 daga jikin wata katanga. Ya auna tsayin fitilar daga ƙasa da igiya, ya je ya ja layi da gawayi a katangar, sa'an nan ya ja wani a ƙarƙashinsa da santimita 10. Ya ce, "Yaro, kunna dim." Haske ya fantsama har saman katanga, ba baki ba iyaka. Ya ce a mayar da tsohon ƙwai a gefe ɗaya. Nan da nan sai ga layi ya bayyana, miƙaƙƙe a hagu, ya ɗaga a dama, samansa duhu.

Yaron ya ce, "Amma Kawu, wancan ya fi haske nesa ba kusa ba."

Tsohon ya ce, "Ya fi. To, dubi inda ya sa shi. Can sama da gawayin nan, wa ke zaune?"

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mai tahowa."

Ya ce, "To, shi mai tahowan nan, in ya makance, ina zai nufa in ba kanmu ba?"

Santimita 10 ɗin nan ba ƙa ce ba. Yawancin ƙananan motoci ana saita dim ɗinsu ya riƙa sauka da santimita ɗaya cikin kowace mita, ana ma rubuta adadin a jikin fitilar. In tsayin fitila santimita 65 ne, bakin haskenta zai taɓa ƙasa a mita 65. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma daga ganin haɗari zuwa tsayawa cik tana bukatar wajen mita 80, a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau. Ashe ke nan mai wannan gudu a kan dim ya riga haskensa gaba, kowace irin fitila gare shi. Wanda aka makantar na daƙiƙa uku kuwa yana gudun kilomita 80, ya shafe mita 66 ido rufe.

Akwai kuma abubuwa uku da suka zama ruwan dare a hanyoyin ƙasar nan, waɗanda ke ɓata ko da fitilar kirki. Na farko lodi ne. Motar da tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ya kai mita 2.7, in bayanta ya zauna da santimita 3 kacal, to, saukar nan ta fitila ta tafi, haske ya miƙe sosai cikin idon jama'a. Buhun masara biyu a but sun isa. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3, na sunkuyar da fitila in an yi lodi, amma direbobi kaɗan ne suka san amfaninsa. Domin wannan ne ƙa'idar Turai ta daɗe da tilasta wa fitilar da ta wuce lumen 2,000 ta kasance tana daidaita kanta, tana kuma da abin wanke gilashi. Na biyu shi ne motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan, inda ake tuƙi ta hagu. Ana juya musu sitiyari a bar fitilar yadda take, ɗagawar nan ta digiri 15 da aka yi domin bakin hanya sai ta koma tana kallon motocin da ke tahowa. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 irin wannan fitila ta daina dacewa da hanyoyin Nijeriya. Na uku shi ne murfin roba na gaban fitila, wanda rana ke dafawa ya yi ja, ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe shi. Murfin da ya dushe yana watsa haske ta ko'ina, ya mayar da aikin injiniya banza.

Hanya ta uku ta ƙera fitilar LED ita ce ta zo da abin mamaki. Tun da ana iya kunna kowane falle a kashe shi shi kaɗai, sai aka jera su da yawa, kowanne da ɗan gilashinsa, kowanne da yankin hanyar da aka ba shi. Kyamara a bayan gilashin gaba tana hango fitilar mai tahowa, kwamfuta ta kashe fallayen da ke kallonsa, sauran su ci gaba da haskawa. Sai mai tahowa ya kasance cikin wani zirin duhu da ke bin sa yana tafiya, alhali dama da hagunsa ful ne. Audi A8 ta fito da wannan a 2013 da falle 25 a kowace fitila, Mercedes ta kai 84 a 2016, daga baya kuma ta fito da mai ƙananan madubai fiye da miliyan ɗaya. Amurka ba ta halatta irin wannan fitila ba sai a 2022. In an lura, duk wannan ɗimbin ilmi da kuɗi an kashe su ne domin a koya wa na'ura abin da direbobin hanyar Jabba suke yi da ɗan yatsa: su ga mai tahowa, su kau da haske daga fuskarsa.

Irin waɗannan motoci ba su yawaita a tashoshinmu na haya ba, kuma kafin su yawaita, rayukan fasinjan dare suna hannun mai gyaran wuta da direba. Yaron nan bai daina sayar da ƙwan LED ba, domin akwai waɗanda aka ƙera da kula, fallensu siriri, yana zaune daidai mazaunin lagwani, suna kuma ba da layi mai kyau a wasu fitilun. Abin da ya sake shi ne, ya shafa wa katangar garejinsa farar ƙasa, ya ja mata layuka, ba ya kuma sallamar mota sai bayan magariba, sai ya ga inda haskenta ya tsaya. Ƙwan da ya tsallake layi yana cire shi, ko da mai mota ya yi fushi. Wasu sun ɗauke cinikinsu sun kai inda ba a tambaya. Kawunsa kuwa ya koma kan ƙwansa mai lagwani, ya sa aka goge masa murfin fitila, ya rage gudu, ya kuma bar lodin da zai kai shi tsakar dare, domin ya san akwai abin da ke cikin idon ɗan shekara saba'in wanda babu fitilar da za ta gyara.